Injin kwaɓa cikon haƙori na hannu: sai da Panteka ta sa baki

Masu tambayata a kan injin nan na kwaɓa cikon haƙori da ake murzawa da hannu sun yi yawa, musamman abokan aikinmu masu ƙananan asibitoci a Tudun Wada da Rigasa da Kawo a nan Kaduna, to ga amsata gaba ɗaya kowa ya huta. Wanda nake nufi shi ne mai jikin ƙarfe da mariƙi a gefe, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur, a maƙala kafso, wato ɗan kwanson da ke ɗauke da garin ciko da ruwansa, a bakinsa a yi ta murzawa. Kun san masu tallarsa a WhatsApp, kun san kuɗinsa, ba sai na faɗa ba. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya tuna injin taliyar murji, ya rage masa girma, to kusan shi ke nan.

Wuta ce ta sa na saye shi. Muna da na lantarki a wurin aiki, lafiyarsa ƙalau, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, tada janareta saboda kwaɓin daƙiƙa 10 ya zama abin da sai an yi shawara. Ga shi kuma ni ce nake fita duba haƙoran yara a makarantu, inda ko soket ba za ka gani a bango ba. Da mai sayarwa ya turo bidiyo yana murzawa da yatsu biyu yana cewa babu ruwanka da wuta, babu ruwanka da batir, wallahi ban yi dogon tunani ba. Aka sako shi a mota daga Legas, na karɓo a tasha. Yana da nauyi a hannu, fentinsa fes, takardar bayanin da ke cikin kwalin kuma da rubutun Sin take daga farko har ƙarshe. Na gwada shi da wasu kafso da suka gama aiki, ya kaɗa, na ce madalla.

Ranar da ya ci min mutunci ranar fita ce, wata Islamiyya a Rigasa, ƙarshen watan Maris, rana tana dukan kwano. Aikin da muke yi a irin wannan fita shi ne wanda muke kira ART, wato cikon da ba a kunna injin huda haƙori: a kankare ruɓaɓɓen wurin da kayan hannu, a share kogon, a cusa farin cikon nan na gilas ayonoma, a shafa basilin a yatsa a danne. A Tanzaniya aka faro wannan hanya a shekarun 1980, daidai don wuraren da babu wuta da ruwan famfo, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka gilas ayonoma cikin jerin muhimman magunguna. Yana kama jikin haƙori da kansa, yana kuma sakin fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, a hankali. Amma fa ba ya jiran kowa. Takardar kafson ta ce a kaɗa daƙiƙa 10 a injin da ke girgiza wajen sau 4,000 a minti, sannan kana da kamar minti 2 ka gama cusawa, shi ma a ɗaki mai sanyin digiri 23. Ina digiri 23 a Rigasa a watan Maris?

Yarinyar da muka fara da ita ba ta wuce shekara takwas ba, turminta na ƙasa ya yi kogo. Sai da aka sha lallashi kafin ta kwanta a kan bencin. Na gama sharewa, na jera auduga a gefen harshe da kumatu don kada yawu ya shiga, na ce wa yaron da ke taimaka mini ya danna kafso ya murza. Ya kama mariƙi da ƙarfinsa. Kafin in waiwayo sai na ji ƙaras, kafso ya fice daga bakin injin, ya bugi allo, ya gangara ƙarƙashin benci cikin ƙura. Ɗaliban da ke leƙe ta taga suka kwashe da dariya. Muka saka wani, yaron ya rage ƙarfi saboda tsoro, abin ya fito da ɗigon gari-gari a ciki, babu sheƙi ko kaɗan. Wanda ya san aikin ya san cikon da ba ya sheƙi ba zai kama haƙori ba, asarar kuɗi ce da cutar yaro. Na ce a ƙara lokaci. Aka ƙara, aka sa shi a bindigar matsawa, na matsa, ya ƙi fitowa, ya daskare a bakin bututun.

Duk wannan bidiri yarinya tana kwance baki buɗe, auduga ta jiƙe sharkaf, hawaye na bin kunnenta. Mahaifiyarta da ke tsaye riƙe da hijabinta ta matso ta ce, "Sista, in abin ba zai yiwu ba ki bar ta haka, ma dawo wani lokaci." Na ce, "Ki yi haƙuri Maman yara, yanzu za a gama in sha Allahu." Malamin makarantar, dattijo, ya leƙo ya ce, "Malama, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau Malam, alhali zufa ta gama jiƙa safar hannuna daga ciki. Akwai yara a layi har bakin ƙofa, ga iyayen da suka bar sana'arsu suka zo saboda an ce musu masu haƙori za su zo kyauta.

Allah ya taimake ni akwai gari da ruwan gilas ayonoma na kwalba a jakata. Na shimfiɗa takardar kwaɓi, cokali ɗaya ɗigo ɗaya, na raba garin biyu na murje da 'yar sifatular roba cikin rabin minti kamar yadda aka koya mana a makaranta. Da shi na cike turmin yarinyar, da shi muka sallami sauran har la'asar. Injin kuwa na kwance shi na tura cikin kwali. Kuma kun san abin da kafso ɗaya yake ci yanzu, kun san ba kuɗin gwamnati ba ne, daga aljihunmu ne da na masu taimakawa.

Da daddare na kira mai sayarwa. Ya ce ban iya murzawa ba. Na ce to sau nawa ake murzawa a daƙiƙa 10? Ya ce "da sauri dai, Hajiya." Na tura masa hoton bakin injin da ya buɗe, ya karanta ya yi shiru, har yau shirun muke ji. Matsalar a fili take ga duk mai ido: 'yan ƙarafunan da ke riƙe kafso sirara ne, da zarar gudu ya kai inda ake so sai su saki. Ka rage gudu, kwaɓi ya ƙi haɗuwa. Ka ƙara lokaci don ka rama, zafin gogayya da zafin gari su haɗu su daskarar da shi. Babu agogo a jikinsa, babu abin da zai nuna maka gudun da kake yi.

Maigidana ne ya ce kada in jefar, in kai Panteka, kasuwar maƙera da masu gyaran ƙarafa, tukuna. Ni dai na tafi ne don kada a ce ban ji magana ba. Aka nuna mini wani dattijo mai gyaran ƙananan injuna, ya juya shi a hannu, ya kwance murfin, ya ƙirga haƙoran giyar yana motsa baki, sannan ya ce, "'Yata, wannan cikinsa lafiya lau yake, wanda ya ƙera bakin ne bai ji tsoron Allah ba." Na ce, "Baba, zai gyaru?" Ya ce in ba shi tsohon kafso ya auna. Ya cire siraran ƙarafunan, ya lanƙwasa wasu masu kauri, ya sa musu sifirin mai ƙarfi, ya liƙa 'yar roba a ciki don kafso ya zauna daram. Ya kuma yanko faifan ƙarfe mai nauyi ya ɗaura a sandar da ke juyawa, ya ce da shi gudun zai daidaita ko hannu ya ɗan yi sanyi. Abin da ya fi burge ni, ya yi lissafin sau nawa bakin ke girgiza a kowane zagaye ɗaya na mariƙi, ya ce in murza da ƙidaya, kada in murza da zuciya. Kuɗin da ya karɓa bai kai na kafson da suka lalace a Rigasa ba.

Gaskiya daga nan injin ya zama wani abu daban. Muka zauna da yaron nan da agogon waya muka yi ta gwaji har hannunsa ya kama ƙidayar. Kwaɓi yana fitowa sumul, da sheƙinsa, yana bin bindiga ba gardama. A fitar da muka yi ta bayan Mando da wadda muka yi ta hanyar Kujama bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. A wurin aiki ma in an ɗauke wuta ana tsakiyar ciko, ba na ƙara cewa majiyyaci ya riƙe baki a je a ja janareta. Kafso ya fi kwaɓin takarda tabbas, domin an riga an auna gari da ruwa daga kamfani, babu ɗigon da ya yi yawa ko cokalin da bai cika ba. Akwai lokacin da na fara gaya wa mutane su saya.

Amma na daina, kuma ga dalili. A tallarsa mai sayarwar nan ya rubuta har da amalgam, cikon azurfa, kuma na ji wasu suna shirin sayensa don haka. Don Allah kada ku yi. Kusan rabin amalgam zaiba ce, sauran garin azurfa da kuza da tagulla. Na lantarki yana da murfin da ake rufewa kafin ya tashi, saboda in kafso ya fashe ko ya yi yoyo kada zaiba ta watsu a ɗaki. Wannan bakinsa a buɗe yake, fuskarka kuma tana kansa kana murzawa. Ku tuna kafson da ya bugi allo a aji cike da yara, ku ce na zaiba ne. Ko ba wannan ba, amalgam da bai kwaɓu sosai ba fitowa yake a dushe yana marmashewa, ba ya daɗewa a turmi. Kuma duniya ma barin sa take yi. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba, a taron 2022 aka ƙara cewa a kauce wa sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga farkon 2025 sai in larura ta sa. Mutum ya zauna yana tallar injin buɗaɗɗe don zaiba, ya kuma ƙi ɗaga waya, wannan ba ciniki ba ne.

Sannan aikin mutum biyu ne dole. Ba zai yiwu ka cire hannu daga bakin majiyyaci ka kama mariƙi ka dawo ba, tsabta ta tafi, lokaci ya tafi. Ranar da mai taimaka mini bai zo ba, injin ado ne. In yara sun yi yawa kafaɗarsa tana gajiya, ƙidaya ta fara zamewa, sai na riƙa ganin bambanci a kwaɓin yamma da na safe. Da hunturu ya shigo ƙura ta shige cikin giyar ya fara ƙara, sai an kwance an goge an sa mai. Maɗaurin teburin ma ba ya kama bencin makaranta sai an cusa katako.

To in kana da sola ko inbata da za ta ɗauki na lantarki, ka riƙe kuɗinka. In fita ƙauye kake yi da gilas ayonoma kawai, kana da mai murza maka, kuma ka yarda cewa daga tasha Panteka za ka wuce da shi kafin ya ga bakin kowa, zai yi maka aiki. Ko a hakan kada ka bar kwalbar gari da ruwa a gida. Ni nawa yana nan ina amfani da shi, amma yabon na Baban Panteka ne, mai sayarwa kuwa har jiya na ga ya sake ɗora bidiyon nan na yatsu biyu, kuma kuɗin kafsona na Rigasa suna wuyansa.