Garmahon Baba da faya-fayansa: a sayar a dunƙule ko ɗai-ɗai?

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kin ce ya bar garmaho 14 da faifai wajen 1,500, kuma tun rusau ɗin 2022 da ya ci gidanku kayan suna jibge a wani sito da kuke biyan haya a kudancin Jidda. Magada sun ƙosa a raba gado. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya yi tayin kwashe komai lokaci guda, ƙaninki kuma ya ce atafau sai dai a riƙa sawa a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, ɗaya bayan ɗaya. Kina tambaya wanne ya fi.

Ni a ganina kowannensu yana da gaskiya a kan rabin kayan ne kawai, domin garmaho kasuwarsa daban, faifai kasuwarsa daban.

Sayarwa a dunƙule daɗinta a fili yake. Kuɗi suna shigowa rana ɗaya, hayar sito ta tsaya, ɗauka da fashewa sun koma wuyan mai saye, a kira magada a ba kowa nasa kafin zumunci ya fara tsami. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki san yadda dillali yake lissafi. Ba faifai 1,500 yake saye ba. Yana shiga sito, ya durƙusa gaban kwali, ya riƙa turawa da yatsa yana karanta takardar tsakiya, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Cikin ransa ya riga ya ware talatin ko arba'in da za su mayar masa da kuɗinsa har da riba, sauran kuma kyauta suka zo masa. Na taɓa tsayawa kusa da wani yana wannan aikin. Ya kai kan wani faifan Baidaphon, tsohon kamfanin buga waƙoƙin Larabawa, yatsansa ya ɗan tsaya, sai ya wuce da sauri yana ƙorafin ƙura. Wannan 'yar tsayawar ita ce duk cinikin. Idan ba ku san abin da ke cikin kwalayen ba, shi tsintar dami a kala ya yi.

Ɗai-ɗai kuwa farashi ya fi, babu musu. Sai dai ƙaninki ya yi lissafin lokaci? A ce Allah ya ba shi kasuwa yana sayar da faifai goma kowane mako, mako 150 ke nan, kusan shekara uku, ana biyan haya, yana amsa saƙon masu "kam akhir?", wato "nawa ne ƙarshen farashi?", da tsakar dare waɗanda ba za su zo ba. Kuma masu kyan ne za su fara tafiya. Bayan wata biyu a bar ku da tulin kwantai wanda ko dillalin farko ba zai ƙara waiwaya ba, don dama albarkacin kaza ne ƙadangare yake shan ruwan kasko.

Ga nauyi. Faifan da, mai juyi 78 a minti, da wani irin ƙaro ake yin sa wanda ake kira shelak, kowane mai inci 10 yana kusan giram 200. Naku idan duk irinsa ne ya tasam ma kilo 300. Ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar faranti. Tura shi Riyad ko Dammam yana son kwali cikin kwali, kuma ranar da ya isa a fashe ku ne da asara. Na roba, wato manya masu juyi 33 da Columbia ta fito da su a 1948 da ƙanana masu juyi 45 na RCA Victor daga 1949, sun fi jure tafiya, amma su kuma zafi ne ajalinsu. Ni da kaina na bar guda biyar a kujerar baya na shiga sallar azahar, na fito na tarar sun yi tudu da kwari kamar gurasa.

Saboda haka garmahon nan 14 ni ba zan bayar da su a dunƙule ba. Sha huɗu abu ne da mutum ɗaya zai iya bi a hankali, kuma masu nemansu suna da yawa: masu ƙananan gidajen tarihi na kansu, masu shagunan gahawa a Balad, wato tsohon garin Jidda, masu ƙawata majalisi. A tallan ku rubuta sunayen da 'yan ƙasa suke nema da su, "gramafon", "bakam", "bishtakhta", ku ɗauki bidiyo ana wana shi yana waƙa. Na'urar da aka ji muryarta ba ta zama ɗaya da wadda aka ce "tana aiki in sha Allah".

Amma kafin nan a tantance na asali da jabu, don a nan ake cin mutane ta kowane ɓangare. Akwai masu babban ƙahon tagulla mai walƙiya da hoton karen nan na tambarin His Master's Voice (HMV), waɗanda aka harhaɗa a Indiya da injin tsofaffin garmaho na akwati. Sun cika kasuwa. Ki duba gwiwar da ta haɗa ƙaho da jiki: ta asali lanƙwasa ce sumul, ta jabu gutsattsarin ƙarfe ne aka liƙa da dalma, da kusurwa. Ki duba hannun da ake wana garmahon da shi, in ya shiga jikin akwatin a karkace, alama ce injin na wata na'ura ne aka dasa. Tambarin ma yakan yi sabo fil a kan katakon da aka ce ya shekara ɗari. Abin mamaki, ɗan baƙin akwatin nan mai kama da jakar tafiya, irin HMV 102 da aka fara yi a 1931, wanda yara za su raina, sau da yawa shi ne na gaskiyar. In kuma kun ga wadda ba faifai take ci ba, wani abu ne kamar gwangwani ake zura mata, wannan tsarin Edison ne da ya faro a 1877, ya girmi faifai shimfiɗaɗɗe na Berliner da shekara goma. A ware ta gefe. Kada kowa ya ce zai gyara ko ya shafa fenti. Tsohon fenti kuɗi ne. In hannun wanawar ya cije, a bar shi, man ciki ne ya daskare, dole za ta tsinka sifirin da ke juya injin.

Faya-fayan su ne nake cewa a sayar a jimla, amma bayan an tace. Ku samu Juma'a biyu ko uku, ku zauna da yara masu karanta Larabci da boko. Waƙoƙin Turawa na rawa da na soja an buga su da yawan gaske, tsufansu bai sa su tsada ba, su tafi a kwali. Na Masar, irin su Ummu Kulsum da Abdulwahab, suna da masoya amma su ma ba su yi wuya ba, a haɗa su ashirin-ashirin. Waɗanda za ku zare su ne na Hijaz da Yaman da ƙasashen Khalij, da tsofaffin na kamfanonin Baidaphon da Odeon, da na Sudan na zamanin haƙiba, wani tsohon salon waƙarsu, irin su Sarur da Karoma, balle a ce an dace da A'isha Fallatiya, 'yar uwarmu da tana cikin matan farko da suka yi waƙa a rediyon Omdurman. Irin waɗannan kaɗan aka buga, kaɗan suka tsira. Duk abin da kuka ga Hausa a jikinsa ma a ɗauke, ko Shata ne ko Ɗan Maraya a na roba. Kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin Afirka ta Yamma a Landan wajen 1927 zuwa 1929, har da na Hausa a ciki. In Baba ya mallaki ko ɗaya, ni ba zan ma sa masa kuɗi ba sai magada sun zauna.

Gaskiya ce, in kun zare na ƙwarai dillali zai rage tayinsa, wataƙila ya yi fushi. Ku gaya masa gaskiya cewa an tace, kada a yi algus. Ku kuma kira mutum uku su taya, kowa ranarsa daban. Sawarikh ta Jidda kasuwar kayan gwanjo ce, can za a saya muku da arha. Masu sanin darajar irin wannan sun fi taruwa a Suƙ Zal ta Riyad, amma tafiyar kilomita 950 ce, ku fara tura hotuna. Don sanin farashi ku duba shafukan ciniki na intanet Discogs da eBay, ku kalli abin da aka riga aka saya, ba abin da mai kaya ya rubuta yana mafarki ba. In mai saye daga waje ne kuma abin ya kai shekara 100, ku tambayi Hukumar Turas, mai kula da kayan tarihi a Saudiyya, kafin ku kai shi kamfanin aike.

Lokacin tacewar, a jera faya-fayan a tsaye kamar littattafai, ba a kwance ba, na ƙasa ne yake tsagewa. Kada a goge na shelak da sifirit ko turare, narkar da shi suke. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. In za a gwada, allurar ƙarfe fuska ɗaya take ci a jefar da ita, kuma kada a ɗora faifan roba a garmahon da ake wanawa da hannu, sau ɗaya zai huɗe shi. Duk abin da aka sayar a rubuta a littafi guda, da rana da kuɗi, mutum biyu cikin magada su sa hannu, har da wanda yake Kano a tura masa hoton shafin.