Garejin da ya tayar da Fiat 124 ta 1973 a Gusau

A unguwar Tudun Wada da ke Gusau akwai wani gareji da ba shi da allon suna, wanda masu tsofaffin Peugeot 404 da 504 suka daɗe da sani, kuma a can ne iyalinmu suka kai wata Fiat 124 da ta shafe shekaru a ƙarƙashin rumfar kwano ba tare da an tayar da ita ba. Ina ganin aikin da aka yi mata ya cancanci a bayyana shi, domin makanikan da za su karɓi tsohuwar motar Italiya su mayar da ita yadda take, ba tare da sun jefa mata injin Beljiyam ba, sun yi ƙaranci ƙwarai a wannan yanki.

Kamfanin Fiat na birnin Torino ya fito da 124 a shekarar 1966, kuma ita ce ta lashe kambin motar shekara ta Turai a 1967. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa 1197 cc, kuma Aurelio Lampredi, wanda ya yi wa Ferrari aiki a baya, shi ne ya tsara shi. Tana da birkin faifai a ƙafafunta huɗu, abin da ba kasafai ake samu a ƙaramar motar iyali ta wancan zamani ba. An daina ƙera ta a Italiya a 1974, Fiat 131 ta gaje ta.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne, maigidan garejin, dattijo ne da ya koyi aiki a Kano, ya ƙi taɓa ko da noti ɗaya sai da aka kawo masa takardun motar. Rasidin farko na 1973 ne, an rubuta shi da naira a shekarar da aka bar fam da sule, kuma sitiyarinta yana hagu domin tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Wani dillalin auduga ne ya fara sayen ta, lokacin da Gusau take cikin Jihar Arewa maso Yamma. Daga hannunsa ta koma wurin wani hedimasta a Ƙauran Namoda a zamanin Jihar Sakkwato, sannan baffana ya saye ta, ya sabunta takardunta bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Dattijon ya gwada lambar injin da ta shasi da abin da ke rubuce, ya tabbatar cewa injin da ta zo da shi daga Italiya ne ke cikinta, sai ya ce wa baffana: "Alhaji, wannan injin gyara yake buƙata, ba canji ba. Idan kuna son na Toyota, akwai masu sakawa a gaba, amma ba ni ba."

A aikin injin ne gwanintarsa ta fito sosai. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma na alminiyam, kuma shekarun da aka yi ana zuba ruwan rijiya a lagireto sun cinye hanyoyin ruwan da ke cikin kan har suka yi rami-rami. Ya nuna mini wurin da ɗan yatsa, farin gari yana zubowa daga ciki, sannan ya aika da kan injin zuwa Kano aka cike shi da walda aka goge fuskarsa. Ya sa sabbin ringi, ya warware kafireta gaba ɗaya ya jera ƙananan sassanta a kan farantin silba, ya wanke su da fetur ɗaya bayan ɗaya. Yanzu motar tana tashi da bugu ɗaya da sanyin safiya, kuma ba ta zafi ko a hanyar Talata Mafara da tsakar rana.

Batun kayan gyara ya fi komai wahala, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Lada ta farko, wadda Tarayyar Sobiyat ta fara ƙerawa a 1970 a birnin Tolyatti, daga Fiat 124 aka samo ta, saboda haka 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sukan ce duk abin da ya shiga Lada zai shiga Fiat. Dattijon ya san iyakar wannan magana. Ya karɓi gilashin gaba na Lada domin ya zauna daidai, amma ya ƙi kayan injinta saboda tsarin kan injin biyun ya bambanta, ya kuma ƙi birkin bayanta saboda na ganga ne, na Fiat kuwa na faifai. Ya gwammace a jira robobin birki daga ƙasar waje da a sauya wa motar halitta, kuma na goyi bayansa duk da jinkirin da hakan ya jawo.

Motocin Italiya na wancan lokaci sun yi ƙaurin suna wajen tsatsa, amma bushewar iskar Zamfara ta kare yawancin jikin wannan. Rana ce ta ƙone robobin gilashi, ruwan damina ya bi ta nan ya ruɓar da daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe, bai lulluɓe shi da fila ba. Ɗinkin kujeru da wayarin sun yi daidai, babu abin cewa.

Fenti ne ya ɓata mini rai. Garejin ba shi da rufaffen ɗakin feshi, kuma aka yi aikin a tsakiyar hunturu, ƙura tana sauka kan ɗanyen fenti, ta yadda duk wanda ya shafa bonet da tafin hannu zai ji kaushi kamar yashi. Launin ya dace da na asali, domin daga cikin but aka kwaikwayo shi inda rana ba ta taɓa ba, amma aikin ƙarfe mai kyau irin wannan bai cancanci a rufe shi da irin wannan feshi ba. Haka kuma ba sa rubuta abin da aka kashe, komai a ka yake, wa'adin da aka ɗiba kuma ya wuce da watanni. Kuɗin aikin hannu bai yi tsada ba idan aka duba wahalarsa. Kayan da aka yo oda ne suka cinye kaso mafi girma.

Wanda yake da irin wannan mota ya kai musu injin da birki da walda hankalinsa kwance, ya riƙe littafinsa yana rubuta kowane kaya da kansa, fenti kuwa ya nemi wurin da ke da ɗakin feshi. Tamu ma dattijon ya amince za a goge bonet da rufin a sake fesa su idan ruwan farko ya kwantar da ƙura.