Gargaɗi ga masu neman kayan tsofaffin murhunan gas: a kula da masu cewa "ina da shi"

Jama'a, duk wanda ke riƙe da tsohon murhun gas irin na shekarun 1940 da 1950, ko gadonsa ya yi ko saya ya yi don ya farfaɗo da shi, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Akwai damfarar da ke yawo a zaurukan Facebook da shafukan saye da sayarwa, kuma wanda take farauta shi ne mutumin da bai san sunan abin da yake nema ba.

Ka jawo aljihun ƙasan murhu ka tarar da wani ƙarfe da ba ka san aikinsa ba, ko ka ga gurbi a allon baya babu abin da ke cikinsa. Sai ka ɗauki hoto ka saka, ka tambaya ko akwai wanda ya gane shi. Kafin masana su amsa, saƙo ya shigo maka ta bayan fage. Mutumin zai faɗa maka sunan abin, sau da yawa ma daidai, don ya karanta a wani wuri. Sannan ya ce yana da ɗaya ajiye, ko ya ce wani abokinsa ya farke irin murhunka yana sayar da kayan, ga adireshinsa na imel. Shi ne abokin, shi ne mai sayarwar. Hoton da zai turo kuwa na wani ne, daga tsohon tallan eBay ya kwaso shi.

Abin da ya sa maganarsa ke shiga shi ne kayan nan da gaske sun yi wuya. Kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da daina yin su. Murhun Chambers, wanda aka riƙa ƙerawa a Shelbyville ta jihar Indiana a Amurka, yana da wani rami mai zurfi a samansa da ake kira Thermowell, da murfinsa da tukwanen da aka yi musamman don su shiga ciki, har da Thermobaker na gashi a cikin ramin. Murhun kamfanin O'Keefe & Merritt na Los Angeles yana da farantin suya a tsakiya, da magasa mai hawa da sauka da suka sa wa suna Grillevator, wasu kuma har da 'yan kwalaben gishiri da barkono masu gurbinsu a jikin murhun. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka fi ɓacewa idan murhu ya sauya hannu. Wanda ya daɗe yana nema, da ya ji "ina da shi" sai ɗoki ya rufe masa ido. Rashin sani ya fi dare duhu, ɗan damfara kuwa a cikin duhun nan yake aikinsa.

Wurin biya ne asirinsa ke tonuwa. Zai ce ka tura ta hanyar 'yan'uwa da abokai ta PayPal, wadda ba ta da kariyar mai saye, ko ka sayi katin kyauta ka ba shi lambar, ko kuɗin kirifto. Zai kuma ce wani na jira, ka yi sauri. Kada ka yi saurin. Ka ce ya ajiye kayan kusa da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata a rubutun hannu, ya sa ma'auni a gefe, ya ɗauki hoton gaba da baya. Mai kaya na gaskiya ba zai ji haushi ba. Hoton farko da ya turo kuma ka bincika shi a Google Lens ka ga inda ya fito.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai sayarwar da zai aiko da kaya, amma ba na murhunka ba, ya rubuta cewa "yana shiga kowane iri". A harkar gas babu abin da ke shiga kowane iri. Makunnin da ake murɗawa na murhun kamfanin Wedgewood ba lallai ya zauna a kan sandar bawul ɗin murhun kamfanin Roper ko Magic Chef ba, domin kauri da yankan sandar sun bambanta. Idan ya zauna a karkace, alamar kashewa za ta nuna an kashe alhali gas na tsiyaya. Haka makunnin oben mai lambobin zafi: an yi shi ne don wata na'urar daidaita zafi takamaimai, galibi ta kamfanin Robertshaw, idan ka sa na wata lambobin za su yi maka ƙarya.

Mafi haɗari shi ne jet, ɗan ƙaramin tagullan nan mai huda da gas ke fita ta cikinsa. Gas ɗin silinda ya fi na bututu ƙarfin matsi, don haka hudar jet ɗinsa ta fi ƙanƙanta. Idan aka sayar maka da na bututu ka ɗaura a kan silinda, wuta za ta tashi dogo, rawaya, tana baƙanta gindin tukunya, tana kuma iya cika ɗaki da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Akwai kuma masu tallan tsohon bututun tagulla mai lanƙwasa na haɗa murhu da layin gas, suna cewa na asali ne. Hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta daɗe da gargaɗi a kan irin waɗannan bututun marasa shafen kariya a jikinsu, saboda mahaɗarsu na iya rabuwa. A nan sabo ake saya, asali ba ya da amfani.

Kafin ka nemi kowane kaya, fara neman ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri. Yawanci yana ƙarƙashin saman murhu idan ka ɗaga shi, ko a cikin ƙofar ma'ajiya ko ta magasa. Ka rubuta lambar, ka auna gurbin da kanka, ka duba ko akwai lambar da aka zuba a jikin ƙarfen. Sai ka tambaya a fili, inda idan wani ya faɗi ƙarya wasu za su gyara masa, ba a saƙon sirri ba. Ka lura da wannan ma: mai sayarwar da ya san aikinsa shi zai fara tambayarka lambar samfuri da irin gas ɗin da kake amfani da shi. Wanda bai tambaya ba, ko bai sani ba ne ko bai damu da kai ba.

Duk abin da gas ke bi ta cikinsa, bawul ne ko jet ko na'urar zafi, ƙwararren mai gyaran gas ne zai ɗaura shi, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ya ga ko za ta yi kumfa, ba da ashana ba. Idan kuma an riga an cuce ka, ka adana hotunan hirar da shaidar biya, ka kai ƙara ga shafin da abin ya faru da kuma bankinka nan take, ka kuma sanar da masu kula da zauren su cire asusun kafin ya tura wa na gaba saƙo.