GARGAƊI: mai ba da hayar dekoda da parabol ya cinye mini jikka 53, kuma wai shi ke bina

Jama'ar Maradi, musamman masu gidan kallon ƙwallo da masu shayi da ke aje telebijin a rumfa, ku yi hattara da wani mutum mai yawo bisa babur yana ba da hayar dekoda (akwatin kama tashoshi) da parabol (farantin tauraron ɗan Adam). Jikka 53 ya ci mini. Jikka 45 kuɗin ajiya, jikka 8 wai kuɗin yanke abonoma, wato rajistar kallon tashoshi da ake biya duk wata. Kuma bai tsaya nan ba, yanzu cewa yake shi ke bina jikka 70, wai ban mayar masa da kayansa ba. Kayan da yaronsa ya kwance da hannunsa, ya ɗaure a bayan babur, rana tsaka, mutane na kallo!

Ba zan faɗi sunansa ba tukuna don maganar ta je komisariya, an ce in dakata. Amma hotunan saƙonninsa da takardar da ya rubuta mini suna nan, zan saka su a ƙasa in na rufe lambobin mutane.

Tun kafin wani ya zo yana ce mini "kai ma da garaje", bari in faɗa muku yadda mutumin nan ya zo. Da riga mai tambarin kamfani ya zo. Da kati rataye a wuya. Da littafin resi mai kwafi biyu da hatimi. Telan da muke maƙwabtaka da shi a Ali Dan Sofo ne ya kawo mini shi, don shi ma a wurinsa ya karɓa, kuma tasa tana aiki lafiya lau, na gani da idona. Mutumin ya hau rufi da kansa, ya ɗaure farantin, yana da wata 'yar na'ura mai ƙara da yake neman sigina da ita, yana juya farantin a hankali har hoto ya fito tas. Aka kira la'asar, ya sauko ya yi alwala, muka yi salla sahu ɗaya. Ku gaya mini, wane ne zai ga wannan duka ya ce ɓarawo ne?

Kuma ku tuna lokacin. Farkon 2024 ne, gasar cin kofin Afirka ta Kot Dibuwa za ta fara ran 13 ga Janairu. Iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da muka saba samu daga Katsina ta Jibiya da Dan Issa ba sa shigowa yadda aka saba, komai ya yi tsada. Najeriya ta yanke mana wuta tun watan Agusta, na riga na zuba abin da ke hannuna a injin wuta da mai. Sai ga mutum ya ce ba sai ka saya ba, ka aje jikka 45, ka riƙa ba da jikka 12 duk wata, ranar da ka gaji ka kira ni in kwashe kayana in miƙo maka ajiyarka cif. Duk ɗan kasuwar da ya san lissafi haka zai yi. Na yi lissafina kuma daidai yake, har gobe ina kan bakana.

Abin da ke hana ni barci shi ne maganar da ya yi lokacin da nake ƙirga masa kuɗin. Na ƙirga jikka 45, takardun jikka biyar-biyar, ya ƙara ƙirgawa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, wannan amana ce a wuyana, kuɗinka kamar suna cikin aljihunka ne." Kamar suna cikin aljihuna! Ya ma ce in ya mutu in je wurin iyalinsa. Ni da ban tambaye shi rantsuwa ba, shi ya kawo ta da kansa. "Amana ce a wuyana." Har yanzu ina jin muryar.

To, gasa ta ƙare ran 11 ga Fabrairu, Kot Dibuwa ta doke Najeriya 2 da 1, rumfa cike, yara har bisa katanga, aka watse ana tsaki. Na ci gaba da riƙe kayan har azumi ya matso, na ga masu kallo sun ragu, kuɗin mai ya fi abin da ke shigowa. Na kira shi na ce a yanke. A'a, kafin nan ma, akwai ranar da hoton ya ɗauke ana tsakiyar wasa, na kira shi ya ce iska ce ta juya farantin, alhali ko ganye ba ya motsi. Daga baya na gane abonomar ce ta ƙare bai sabunta ba, ga shi na ba shi jikka 12 ɗina tun farkon wata. Wannan ma na bar shi.

Da na ce a yanke, sai ya fito da maganar jikka 8. Wai kamfani ba ya rufe layi sai an biya, in ba haka ba kuɗi na ci gaba da hawa a sunana. Ba ya cikin takardar farko. Na faɗa masa, ya ce sabon tsari ne, kuma ai za a haɗa mini da ajiyata in an duba kaya lafiya. Na tura masa ta waya, saƙon yana nan da kwanan wata. Jikka 8.

Ranar kwashe kaya bai zo da kansa ba. Ya kira ya ce yana Tibiri wurin aiki, ga yaronsa nan tafe. Yaron da na sani ne, shi ya riƙe masa tsani ranar ɗaurawa. Ya kwance farantin, ya naɗe waya, ya ɗauki dekoda da katinta da abin canza tasha da abin cajin, komai. Na ce ina takardar karɓa? Ya ce littafin yana wurin maigida. Nan take na kira maigidan a gabansa, ya ce, "Haba Yaya, ni da kai? Bar shi ya taho da su, gobe ina zuwa da kuɗinka da takardarka." Na tambayi takarda. Ina so a ji wannan da kyau: na tambaya, kuma na kira. Telan yana tsaye, mai gyaran babur na kusa da mu yana tsaye.

Gobe ba ta zo ba. Yau yana Madarunfa, gobe matarsa na asibiti, jibi kamfani bai saki kuɗi ba. Daga nan sai saƙo ya shigo, wai dekodar da aka kai masa ba tasa ba ce, lambar da ke ƙarƙashinta ba ta yi daidai da ta littafinsa ba, na musanya masa da matacciya. In biya jikka 70 ko ya kai ni gaba. Na ɗauko takardar farko na duba, ashe wurin rubuta lambar dekoda da ta kati babu komai, fili ne. Da gangan ya bar shi. Nan dabarar take: babu lamba a takardarka, babu shaidar ka mayar, sai abin da ya faɗa.

Na je shagon da ke sayar da irin kayan nan da izini kusa da babbar kasuwa, na nuna musu takardar. Suka ce ba su san shi ba, hatimin ba nasu ba ne, kuma su sayarwa suke yi, ba sa ba da haya, babu wani kuɗin yankewa, in wata ya ƙare ba ka sabunta ba hoto ne kawai ke ɗaukewa. Wato jikka 8 ɗin nan ma iska na biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wani mai shayi a unguwar Zariya ya ji labarin ya kira ni. Na je, sai ga dekodar bisa teburinsa, da ƙunar taba a gefen hagu da wani ɗan kallo ya yi mata a rumfata. Ita ce wai matacciyar da na musanya. Shi ma jikka 45 ya aje. Telan ma yanzu hankalinsa ya tashi, tasa ajiyar tana can.

Jikka 45 da jikka 8. Guminmu ne, dala-dala muka tara su a ƙofar rumfa. Ban yafe ba.

In ya zo muku, ku kore shi. In kayansa na hannunku, ku ɗauki hoton lambar dekoda da ta kati yau, kada ku ba yaro komai, kuɗi a hannu sannan kaya su fita. Wanda ya yi wa irin wannan ya rubuto mini, komisariya sun ce in kawo sauran mutane. Hotunan na nan tafe da dare in wuta ta dawo.