Na'urar karanta matsalar mota ta OBD2: abin da ta gano mini da abin da ta kasa

Motata ƙirar shekarar 2003 ce, mai shan fetur, kuma ta shafe kusan wata uku tana yi mini wata ɗabi'a da ta gagari kowa. Da safe kik ɗaya take tashi, amma da zarar an yi tafiyar minti 30 ko 40 inji ya ɗauki zafi sosai, sai ta mutu farat ɗaya kamar wanda aka kashe wa makulli, ba tare da ta shaƙe ko ta yi jijjiga ba. Idan aka sake yin kik, injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ba ya kamawa, sai an bar ta ta huce na kimanin rabin awa, sannan ta tashi kamar ba ita ba. Duk ranar da na kai ta gareji lafiya lau take isa, don haka aka yi ta lalube: aka canja fulogogi, aka canja matatar mai, aka wanke bakin totur, matsalar kuwa tana nan daram. Ban ga laifin makanikin ba, domin ciwon da ba ya bayyana a gaban likita wuyar magani gare shi.

Wannan ne ya sa na sayi ƙaramar na'urar da ake kira ELM327, wadda girmanta bai fi akwatin ashana ba da yawa. Ana cusa ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ita kuma ta aika da bayanan kwamfutar mota zuwa wayar hannu ta Bluetooth, inda wata manhaja irin su Torque ko Car Scanner take nuna su. Tsarin da take aiki da shi, wato OBD2, ya zama wajibi ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga 1996, a Turai kuma makamancinsa ya hau kan motocin fetur daga 2001, na dizal daga baya. Motar da ta girmi waɗannan shekaru, musamman mai kafireto, yawanci ba ta da abin da za ta gaya wa wannan na'ura, kuma gara mai irin wannan mota ya san haka tun kafin ya saya.

Tawa ba ta da sunan kamfani a jikinta, kuma na san kwaikwayo ce, domin tana kiran kanta v1.5, alhali kamfanin ƙasar Kanada da ya ƙirƙiri ainihin ELM327 bai taɓa fitar da wannan lamba ba. Haɗa ta da waya bai ba ni wahala ba, amma haɗa ta da mota sai da na yi gwaji uku, saboda kwamfutocin tsofaffin motoci suna magana da tsofaffin harsunan sadarwa irin su ISO 9141-2, waɗanda suke da jinkiri ƙwarai idan aka kwatanta da CAN, harshen motocin baya-bayan nan. Sakamakon haka, idan na buɗe ma'aunai shida ko bakwai a lokaci guda, kowannensu sai ya ɗauki daƙiƙu kafin ya sabunta. Da na rage su zuwa biyu, gudun inji da zafin ruwa, sai aikin ya daidaita. Masu iPhone su lura cewa irin wannan tsohon Bluetooth ba ya haɗuwa da wayarsu, sai dai su nemi mai Wi-Fi ko mai sabon Bluetooth.

Binciken farko bai nuna komai ba, har na fara tunanin na yi asarar kuɗina. Fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba, kuma babu lambar matsala ko ɗaya a ajiye. Amfanin na'urar ya fito ne ranar da motar ta sake mutuwa a gefen hanya, ina riƙe da ita a aljihun ƙofa. Na cusa ta, na buɗe ma'aunin gudun inji, na yi kik. A karon farko haɗin ya yanke, domin wutar batir tana faɗuwa yayin da kik yake ja, amma a karo na biyu ya tsaya, kuma abin da na gani shi ne sifili: injin yana juyawa ina jin sa da kunnena, kwamfutar mota kuwa tana cewa ba ya motsi. A injin da yake lafiya, ma'aunin yakan nuna juyi wajen 200 a minti ɗaya yayin kik. Da na duba lambobin da ke jiran tabbatarwa, waɗanda ba su kai ga kunna fitila ba, sai ga P0335, wato matsala a layin sensar karanshaf.

A nan ne al'amarin ya warware mini gaba ɗaya. Wannan sensa ita ce take sanar da kwamfuta inda fistin yake da kuma saurin juyawar inji, kuma a motoci da yawa idan saƙonta ya ɗauke, kwamfuta ba ta ba kwayil umarnin sakin wuta, ba ta kuma buɗe nozul ya fesa mai. Shi ya sa motar take mutuwa tsaf ba tare da shaƙewa ba, saɓanin mutuwar ƙarancin mai, wadda yawanci takan zo da tangaɗi da raguwar ƙarfi kafin inji ya tsaya. Batun zafi ma ya sami bayani, domin a cikin irin sensar motata akwai siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe, wadda idan ta tsufa ta tsage takan rabu lokacin da zafi ya buɗa ta, ta sake haɗuwa idan ta huce. Rabin awar da nake yi a gefen hanya, ashe jiran wannan waya nake yi ta koma mazauninta.

Duk da haka, lambar ba ta ce sensa ta lalace ba, cewa ta yi saƙo ba ya isowa, kuma wannan bambanci shi ne abin da masu sayen irin wannan na'ura suka fi kuskurewa. Wayar da ta goge a jikin inji, ko soket da mai ya jiƙa, ko haƙoran ƙarfen da ke juyawa tare da karanshaf, waɗanda sensar take karantawa, idan sun lalace, duk suna iya haifar da P0335. Mai wayarin da na kai wa motar ya bi wayoyin tukuna ya same su lafiya, sannan ya ciro sensar ya auna ta da mitar awon wuta tana sanyi, ta nuna daidai, ya ɗumama ta ya sake aunawa, layin ya yanke. Sai a lokacin aka sayi sabuwa, kuma yau wata biyar ke nan motar ba ta sake mutuwa ba.

Akwai abubuwa da dama da na'urar ba ta gani, kuma da matsalata tana cikinsu da ba ta tsinana mini komai ba. Mafi yawan tsofaffin motoci ba su da sensar da ke auna ƙarfin turin mai, saboda haka famfon mai da ya gaji yana iya kashe mota ba tare da ya bar wata lamba ba. Wannan sai a kasa kunne a ji ko famfon yana yin ƙugin nan na kimanin daƙiƙa biyu idan an murɗa makulli, a duba fis da rile, sannan a ɗaura ma'aunin turin mai. Haka nan ba ta tabbatar da cewa wuta tana isa bakin fulogi, ba ta auna matsin silinda, kuma ba ta karanta na'urar tsaron makulli, wadda ita ma tana hana mota tashi idan ba ta gane makullin ba. Idan kuwa inji ba ya juyawa sam, sai ƙas-ƙas kawai ake ji, to mita ta fi ta amfani: cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 a kashe, kuma idan inji yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba caji ne ba ya shiga.

Abin da na fi ƙi a manhajojin shi ne yadda suka sa maɓallin goge lambobi a wuri mai sauƙin taɓawa. Gogewa ba ta gyara komai, kuma tana tafiya da bayanan da kwamfuta ta adana na daidai lokacin da matsalar ta auku, kamar zafin ruwa da gudun inji da nauyin da yake ɗauke da shi, waɗanda su ne makaniki ya fi bukata. Ni dai na koyi ɗaukar hoton allon waya kafin in taɓa komai.

A ganina ta cancanci saye ga mai tsohuwar mota da ke da wannan soket, musamman idan matsalar mai zuwa ce ta tafi, domin tana tare da kai a lokacin da makaniki ba ya nan, kuma tana ba ka damar shiga gareji da hujja a hannu maimakon labari. Wanda yake son ta maye masa gurbin makaniki kuwa zai ƙare da sayen kayan da ba su lalace ba. Wani aibi ɗaya da ba a rubuta a kwalinta ba shi ne rami na 16 na soket ɗin yana ɗauke da wutar batir ko da an zare makulli, kuma tawa ba ta kashe kanta. Na taɓa mantawa da ita a jiki na yi tafiyar mako biyu, na dawo na tarar batirin, wanda dama ya kwana biyu, ya yi sanyin da ko fitilar cikin mota ba ya iya kunnawa sosai, sai da aka kawo wani batir aka tayar da ita. Tun daga ranar nake zare ta da zarar na gama dubawa, in mayar da ita aljihun ƙofa.