A Ingila har ɓera ana yi wa tiyatar ƙari

'Yan uwa, na ga wani abu a nan Leicester da ya ƙi fita raina. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta buga mini ƙofa idonta jawur, wai in kai ta asibitin dabbobi a mota. Na zaci mage ce, ashe ɓera take kiwo a keji, har da suna. Ta ɗaga ta, sai ga ƙullutu a hammatarta ya kai girman goro.

Sai da tsigar jikina ta tashi. Mu da ɓera sai tarko da guba, kuma muna da hujja, ga zazzaɓin Lassa. Amma wannan wani iri ne daban, a keji ake haihuwarsu.

Likitar ta auna nauyinta, ta lallatsa ƙullutun, ta ga yana yawo a ƙarƙashin fata, ta soka allura ko mugunya ce. Ba ita ba ce. Sai ta zauna tana bayani a tsanake: ɓerayen kiwo ba su cika wuce shekara 2 zuwa 3 ba, kuma matan idan suka manyanta ƙarin mama ya fi damunsu. Naman mamansu ya shimfiɗu tun daga wuya har matsematsi, shi ya sa yake ɓullowa ko'ina. Yawanci ba daji ba ne, amma yana saurin girma har ta riƙa jan sa a ƙasa, fatar ta fashe. Cire shi yana ƙarami ya fi sauƙi, ko da yake wani kan fito daga baya. Wanda suka fi tsoro shi ne na cikin kai, wanda kan hana ɓera riƙe abinci da hannayenta.

Aikin cire shi ya ci sama da fam 200, domin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati mai duba mutane kyauta, ba ruwanta da dabba. Masu ƙaramin ƙarfi sukan nemi PDSA, ƙungiyar agaji mai duba dabbobi da aka kafa tun 1917. Abin haushi, ni da nake biyan haraji sai na tashi da ƙarfe takwas ina layin waya kafin in samu ganin likita, wani lokaci a ce sai mako mai zuwa. Ɓera kuwa a ranar aka duba ta.

Wallahi gida na tuna. Mata nawa ne a unguwanninmu suke shafa ƙullutu a mama su ja bakinsu su yi shiru? A ce sammu ne, a yi ta shafe-shafe da hayaƙi, sai ya ruɓe yana wari sannan a nufi asibiti. Na san rashin kuɗi na ciki, amma kunya da "bari mu gani" sun ci mutane da yawa.

A daren na kira Yaya kan Gwaggo, wadda take ɓoye nata tun babbar sallah. Ya ce sai bayan girbi. Na ce ban yarda ba, na tura kuɗin mota da na hoto, ranar Litinin za su tafi.