Sharhi a kan Maven wajen shigar da laburaren waje cikin ƙunshin WAR

Duk mai rubuta manhajar yanar gizo da harshen Java ya san cewa ba shi kaɗai yake aikin ba, domin kaso mai yawa na abin da yake kai wa saba, wato kwamfutar da ke gudanar da manhajar, fayilolin JAR ne, wato laburaren Java da wasu suka rubuta: wannan na magana da rumbun bayanai, wancan na sarrafa tsarin rubuta bayanai na JSON, wani kuma na ajiye tarihin abin da ke faruwa. Mazauninsu a cikin ƙunshin WAR, wato fayil guda da ake tattara manhajar a ciki don kai wa saba, shi ne foldar WEB-INF/lib. Na daɗe ina zuba su a wurin da hannu kafin na koma ga Maven, manhajar gidauniyar Apache mai haɗa ayyukan Java, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a 2004, ta 3.0 kuma a 2010, kuma ta wannan fuska kawai nake son auna ta.

Babban alherinta shi ne ta mayar da abin da ke shiga ƙunshin ya zama rubutacce. A cikin fayil ɗin pom.xml mutum zai ambaci sunan ƙungiyar da ta fitar da laburaren, da sunansa, da lambar sigarsa, sai Maven ta ɗebo shi daga rumbun Maven Central, ta ajiye kwafi a foldar .m2, ta kuma jawo duk waɗanda ya dogara a kansu ba tare da an ce mata uffan ba. Na ga ranar wannan a watan Disamba na 2021, lokacin da aka gano gagarumar ɓarakar tsaro a Log4j 2, laburaren ajiye tarihin abin da ke faruwa. Da umarni guda, wato mvn dependency:tree, na ga ta wace hanya laburaren ya shigo mana, alhali ba mu taɓa rubuta sunansa ba, na ɗaga sigar a wuri ɗaya, na sake haɗa ƙunshin. Da a ce da hannu muke zubawa, da sai mun bi sabobi ɗaya bayan ɗaya muna lalube.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne tsarin da ke fayyace matsayin kowane laburare. Wanda aka bari ba tare da alama ba, da wanda aka yi wa alamar runtime, suna shiga WEB-INF/lib, wanda kuwa aka yi wa alamar provided ana amfani da shi wajen haɗa manhajar amma ba a saka shi a ƙunshi, saboda saba ta riga ta tanade shi. Laburaren Servlet, wanda ke haɗa manhaja da saba, misali ne a nan, tunda manhajar saba ta Tomcat na zuwa da nata. Sai dai Maven ba ta san sabar da za a kai kayan ba, don haka ba za ta gargaɗi wanda ya haɗa manhaja da javax.servlet ya nufi Tomcat 10 ba, inda sunan ya koma jakarta.servlet, haka kuma ba za ta tuna masa cewa direban rumbun bayanai yana buƙatar zama a foldar lib ta Tomcat idan sabar ce ke riƙe da hanyoyin haɗi da rumbun ba.

Inda na fi jin ƙaiƙayi shi ne yadda take raba gardama idan laburare biyu suka nemi siga daban-daban ta abu guda. Ƙa'idarta ita ce wanda ya fi kusa da tushen bishiyar dogaro shi ke yin nasara, idan kuma nisansu ɗaya, wanda aka fara ambata. Ba ta duba wace siga ce sabuwa. Wannan ya taɓa cin mini yini guda: ƙunshin ya haɗu lafiya lau, sabar ta karɓe shi, amma da aka danna maɓallin fitar da rahoto sai shafin ya tsaya, kuma a fayil ɗin tarihi na tarar da NoSuchMethodError, kuskuren da ke nuna an nemi wani aiki da babu shi a sigar laburaren da ke ciki. Sai da na buɗe ƙunshin da umarnin jar tf na bi sunayen layi-layi, sannan idona ya faɗa kan tsohuwar sigar da ta yi kane-kane a inda nake zaton sabuwa. Maganin yana nan, ta hanyar ɗaure siga a sashen dependencyManagement ko cire wadda ba a so da exclusions, amma a ganina ya kamata gargaɗin irin wannan karo ya fito fili tun lokacin haɗawa, ba sai mutum ya ƙara kayan aikin Enforcer, mai tilasta bin ƙa'idoji lokacin haɗawa, da kansa ba.

Akwai kuma batun JAR ɗin da wani kamfani ya miƙo kai tsaye, wanda babu shi a Maven Central. Alamar system tana jan hankali saboda sauƙinta, amma fayil ɗin ba ya shiga ƙunshin WAR ta wannan hanya. Abin da ya yi mini aiki shi ne umarnin install:install-file, mai saka fayil ɗin a foldar .m2, idan ni kaɗai ne, ko rumbun cikin gida irin Nexus idan aikin na jama'a ne.

Ina ba da shawarar Maven ga duk wanda laburarensa na waje suka wuce biyu ko uku, ko da tsawon rubutun XML na fayil ɗin pom.xml zai gundure shi da farko. Ni dai har yau ba na kai ƙunshi saba sai na buɗe WEB-INF/lib na kwatanta abin da ke ciki da abin da bishiyar dogaro ta nuna.